Surukina da Asibitocinsa Uku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata bayan azahar Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, wanda duk Unguwar Dosa ke kira Baba Manjo. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

A kwana ukun da muka yi muna zaman makoki, na ga mutanen da na san za su zo: 'yan uwa daga Zariya, abokan aikin maigidana, jama'ar masallacin layinmu. Amma akwai ayari biyu da suka sa dangi tambaya. Na farko tsofaffin sojoji ne, wasu da sanda, ɗaya ana tura shi a keken guragu. Aka shimfiɗa musu tabarma suka ƙi zama, sai da suka jeru a ƙofar gida. Mafi tsufansu ya ƙame iya ƙamewar da ƙugunsa ya yarda, ya ɗaga hannu ya sara wa ɗakin Baba da ke gefen zaure, ya ce, "Manjo, ka riga mu." Daga nan ya zauna ya rufe fuska da hularsa.

Ayari na biyu sun zo washegari da hantsi: nas biyu cikin fararen kayansu, wata dattijuwa mai sharar ɗakin marasa lafiya, da wani direban tirela mai ɗingishi da ya taso tun daga Funtuwa. Gwaggo, ƙanwar marigayin, ta matso kusa da Inna, matarsa, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, waɗannan kuma dangin wa?"

Inna ta ce, "Mutanen asibitinsa ne."

"Wanne daga ciki?"

Inna ta yi dariya, ta farko tun rasuwar, dariyar kuma ta juye ta zama kuka, muka taya ta.

A waje, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, amininsa na shekara arba'in yana zaune shi kaɗai a kan benci. Baba Ticha muke ce masa. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, tsohon hedimasta ne a makarantar bariki, yanzu yana zaune a Abakpa. Na kai masa abinci sau biyu bai taɓa ba. A na uku ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malama, wa zai yi mini gardama yanzu?"

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki biro. Ni na yi shekara shida ina bin Baba asibiti, na ga abin da 'ya'yansa ma ba su gani ba, kuma ina tsoron in na yi shiru ya bi shi ƙasa.

Baba ya shiga soja yana saurayi, ya yi yaƙi, ya fito da tabon harsashi a sha-raɓarsa ta hagu, ya yi ritaya yana sajan-manjo. Har ya koma ga Allah babu wanda ya taɓa goge masa kaftani, shi ke gugar abinsa. Takalminsa sau-ciki ne baƙi, kullum yana ƙyalli. In ka dawo daga aike ba ya cewa yaya hanya, sai dai ya ce, "A ba ni rahoto." Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni gidan bai taɓa kiran sunana ba. Da yake ina koyarwa a firamare, sai ya sa mini Malama. Da farko kunyarsa nake ji ƙwarai, ko gaishe shi zan yi sai na durƙusa daga bakin ƙofa. Amma da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Jalingo, yayarsa tana aure a Sakkwato, Inna kuma gwiwoyi sun hana ta doguwar tafiya, sai rakiyar asibiti ta faɗo kaina. Ciwon suga da hawan jini ba su san kunyar surukuta ba.

Asibitin sojoji shi ne na farkonsa, kuma shi ne abin alfaharinsa. Ranar ganin likita tun bakwai na safe ya shirya. Sojan da ke bakin get yana hango shi zai ce, "Barka da asuba, Manjo," sai in ga Baba ya ƙara tsawo. Gaskiya wurin akwai tsari. Ko'ina a share, duwatsun gefen hanya an shafe su da farar ƙasa, in ka faɗi lambarka ana zaro fayil ɗinka ba a ɓata lokaci. A kan dogon bencin jiran likita kuwa, hira ce ake yi kamar ranar suna. Tsofaffin nan suna tsokanar juna a kan bataliyar wa ta fi gudu, suna tambayar wane da wane, in aka ce ya rasu a yi shiru a yi addu'a, Musulmi da Kirista, sannan a ci gaba. Sau da yawa nakan ga Baba ya warke rabi tun kafin a kira shi.

Matsalar tana cikin ofishin likita. Likitan kyaftin ne, sa'an maigidana, amma hafsa ne. Muna shiga Baba zai zauna a miƙe, hannuwa a kan gwiwa.

"Manjo, yaya jiki?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Babu inda ke damunka?"

"Babu, ranka ya daɗe."

A auna jini, a auna suga, a rubuta magani, mu fito. A hanya na ce, "Baba, ai jiya ka ce wa Inna ƙafarka tana maka nauyi." Ya ce, "Malama, soja ba ya kai wa hafsa ƙarar ƙafa." Kuma da yake ana yawan canza wa likitocin wurin aiki, kafin wani ya gane halinsa an kawo sabo. Ba laifinsu ba ne, sun tambaya. Shi ne ya ƙi faɗa. Ni ma ina da nawa laifin, domin na ga ya fara taka ƙafar dama a hankali, kunya ta hana ni cewa ya cire takalmi in gani.

Kullum bayan la'asar Baba Ticha yakan zo a kan tsohon babur ɗinsa, su zauna a gindin darbejiya. Babu abin da ba sa gardama a kai, amma wadda ta fi daɗewa ita ce ta asibiti. Baba Ticha asibitin gwamnati yake zuwa, kamar kowa.

Baba zai ce, "Naku ai kasuwa ce. Mutum ya je da ciwo ɗaya, layin kati ya ƙara masa biyu."

Baba Ticha ya ce, "Naku kuma fareti kuke zuwa. Ka goge takalmi, ka sara, ka dawo da ciwonka."

Mu a cikin gida muna jin su muna dariya. Sai shekarar da matar Baba Ticha ta faɗi, jikinta ya shanye, ta kwana biyar a asibitin gwamnati ta rasu. Baba ya yi masa duk abin da amini ke yi, har garinsu ya raka gawar. Amma bayan wata guda, gardamar ta sake tasowa, bakin Baba ya suɓuce ya ce, "Da a namu aka kai ta, da tana nan."

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji shiru. Can na ji an tada babur.

Inna ta fita har zaure, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Malam, kai ke rayawa? Mutum yana ɗauke da wannan nauyi ka ƙara masa?" Mako uku bencin nan babu kowa sai shi. Ya rage cin abinci, ya daina neman rahoto. Ranar wata Asabar ya goge kaftaninsa, ya sa takalmi, ya ce wa Inna zai je Abakpa. Ta ce ya hau napep, ya ce a'a, mai zuwa ba da haƙuri da ƙafa yake zuwa. A ƙasa ya tafi.

Ya isa. Baba Ticha ya gaya mini daga baya cewa ya buɗe ƙofa ya gan shi jiƙe da gumi, ya ce, "Ticha, na zo in ce na yi kuskure," sai ya sulale a bakin ƙofar. Baba Ticha ya tare napep, ya faɗa wa direban sunan asibitin da ya sani, wato na gwamnati, wanda matarsa ta cika a cikinsa.

Da na iso na tarar da abin da Baba ya daɗe yana faɗa. Cunkoso, zafi, hayaniya, babu gado. An kwantar da shi a kan benci, an rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa. A je a yanki kati, a je a sayo allura, a je a sayo safar hannu. Babu wanda ya san shi Manjo ne. Wata nas ta ce, "Ina mai tsohon nan?" Na ga ransa ya ɓaci ko da yake idonsa a rufe.

Sai ga likita, mace, siririya, da alama ba ta daɗe da gama karatu ba, idanunta duk gajiya. Ta duba takarda ta dube shi.

"Baba, yaya jiki?"

"Lafiya lau."

"Mai lafiya lau ba ya faɗuwa a ƙofar mutane. Cire takalminka."

"Ƙafata lafiyarta ƙalau."

Ta durƙusa a kan simintin nan, ta kwance igiyar takalmin da hannunta, ta zare safar. Warin da ya tashi ya sa na kau da kai. Yatsu biyu sun yi baƙi, ƙarƙashinsu gyambo ne da ya daɗe yana naɗe shi da tsumma. Da yake Baba Ticha ya gaya mata tsohon soja ne, ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Baba, ni ba hafsa ba ce, jikarka ce. Wata nawa kana ɓoye wannan?"

Ya ce, "Huɗu."

"Da ka ƙara mako biyu, daga gwiwa za mu yanke. Ka yarda mu cire yatsun nan mu ceci sauran?"

Ban taɓa ganin an yi wa Baba magana haka ba. Na zaci zai tashi. Sai na ji ya ce, a hankali, "Yadda kika ce, 'yata."

Aka yi tiyata, aka cire yatsu biyu, ƙafa ta tsira. Muka yi mako uku a ɗakin maza. A nan na gane cewa a asibitin gwamnati, in ba ka da mai jinya ka shiga uku, domin nas biyu ne ke fama da ɗaki guda, ba za su iya kai kowa banɗaki ko su ba shi abinci a baki ba. Amma a nan kuma na ga wani abu da ban gani a ko'ina ba. Matar mai gadon kusa da mu za ta zuba mini kunu ba ta san sunana ba. In zan je makaranta da safe, wani ya ce, "Je ki, muna ganinsa." Dattijuwar da ke shara takan tsaya ta gyara wa Baba matashi, ta ce, "Soja, yau ma ba ka gudu ba?"

Akwai direban tirela a gadon ƙarshe, ya yi haɗari, ƙafarsa a rataye, danginsa ba su ma san inda yake ba. Kwana biyu babu wanda ya juya shi. Baba yana kwance ya kira masu jinyar ɗakin ɗaya bayan ɗaya ya raba musu aiki: wane ruwan wanka, wance abincin rana, wane ya nemo lambar 'yan uwansa. Babu wanda ya musa. Nas ɗin ta shigo ta ga an share, an jera kwanuka a ƙarƙashin gadaje, ta ce, "Wa ya naɗa ku?" Suka nuna Baba.

Baba Ticha kuwa kowace safiya yana nan, ya zauna a gefen gado da Littafinsa, Baba da carbinsa. Rana ta huɗu Baba ya ce, "Da gangan ka kawo ni nan."

"Da gangan."

"A wane gado ta cika?"

"Ɗakin mata, can ƙetaren baranda. Sun yi iya ƙoƙarinsu, Manjo. Ina wurin."

Baba ya kama hannunsa ya riƙe. Na tashi na ba su wuri.

Asibiti na uku bai daɗe ba. Maigidana ya samu izini ya taho daga Jalingo, ya ga mahaifinsa a ɗaki mai cunkoso, fanka ɗaya ba ta aiki, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya yi mini faɗa, ya ce mutane za su ce ya kasa kula da uba. Ranar da aka sallame mu, maimakon gida sai ya wuce da shi wani asibitin kuɗi a Unguwar Sarki, wai ya ƙarasa warkewa. Ɗaki shi kaɗai, da talabijin, da na'urar sanyi, da ƙararrawar kiran nas. Ba na raina musu, wankin ciwon da suke yi ban ga irinsa ba, kuma da fara'a. Amma kwana uku Baba bai yi magana mai tsawo ba. A na huɗu muka tarar ya naɗe kayansa yana zaune a bakin gado.

Maigidana ya ce, "Baba, me aka yi maka?"

"Ba a yi mini komai ba. Shi ne abin. Ka sa ni a firji kamar nama."

"Don hutunka na yi, Baba."

"Na sani, Allah Ya yi maka albarka. Amma ni ban saba ciwo ni kaɗai ba. Kai ni gida."

Sun yi kwana biyu ba sa sakin fuska da juna. Inna ce ta shirya su, ta ce wa ɗanta, "Ka yi abin da ɗa ke yi, shi ma ya yi abin da ya saba. A bar maganar."

Bayan ya warke Baba ya koma asibitin sojoji, amma ba yadda ya bar shi ba. Ranar farko ya tsaya a gaban dogon bencin nan da sandarsa, ya ce duk mai ciwon suga ya cire takalmi. Suka yi ta dariya. Ya cire nasa ya nuna musu gurbin yatsun, dariya ta ɗauke. Ya bi layi yana duba ƙafafu kamar mai duba fareti, ya samu mutum biyu da miki, ya tasa su gaba har ofishin likita. Ya ce wa kyaftin ɗin, "Ranka ya daɗe, in tsohon soja ya ce maka lafiya lau, kada ka yarda. Haka aka koya mana." Likitan ya miƙe tsaye ya yi masa godiya, kuma daga ranar, a ɗakin nan, sai an ga ƙafa kafin a rubuta magani.

Ranar Litinin kuma ya mai da ita ta asibitin gwamnati. Inna ta dama kunu a babban fulas, shi da Baba Ticha su tafi, su tambayi nas wane ne ba shi da mai jinya, su zauna da shi. Shekara huɗu suna haka. Gardamar gindin darbejiya ba ta mutu ba, sai dai ta canza. Na taɓa jin Baba yana cewa, "A namu sun san ko ni wane ne, shi ya sa na kasa faɗa musu ciwona. A naku ba su san ni ba, shi ya sa suka ga ciwon. Na kuɗin sun san ciwon, sun san maganin, amma ba su da benci." Baba Ticha ya ce, "To wanne ya fi?" Baba ya ce, "Ka bari in na mutu ka yanke hukunci, ka huta."

A watan da ya wuce numfashinsa ya fara sarƙewa, ƙafafu suka kumbura. Maigidana, wanda yanzu ya dawo Kaduna, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina za mu kai ka?" Baba ya yi murmushi don an tambaye shi, ya ce, "A kai ni wurin 'yan uwana." Muka tafi asibitin sojoji. Likitar da ta karɓe mu manjo ce, ta ce, "Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, yau kam babu lafiya." Ya zayyana mata komai, bai rage ba. Ta ce zuciya ce ta gaji, da ƙoda. Kwana tara suka yi suna kula da shi, kula ta mutunci, ba su taɓa ɗaga masa riga ba sai sun nemi izini. A gadon kusa da shi akwai wani da suka yi bataliya ɗaya, suka yi ta tuna sunayen garuruwa da mutanen da ban taɓa ji ba.

Ranar Litinin da hantsi, na gama ba shi koko, ya ce, "Malama, zauna, ina da aike." Na zauna. Ya lissafo mini mutane: nas-nas ɗin ɗakin maza na asibitin gwamnati, dattijuwa mai shara, kyaftin ɗin da aka mayar Legas in an samu lambarsa, masu wankin ciwo na Unguwar Sarki, ya ce su ma ba su yi masa laifi ba. Ya ce in je in ce ya gode. Sannan ya ce, "Ita kuma yarinyar nan likita, ki ce mata ƙafar da ta bar mini, shekara huɗu na yi ina zuwa masallaci da ita, ban rasa jam'i ba sai da na kwanta." Ya numfasa, ya ce, "Ke kuma, 'yata, ki yafe mini. Na wahalar da ke." Na gyaɗa masa kai. Washegari ya cika, Inna tana riƙe da hannunsa, maigidana yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Bayan sadakar bakwai na fara isar da aiken. Likitar asibitin gwamnati ce ta ƙarshe, domin an mayar da ita ɓangaren haihuwa, sai da na yi ta tambaya. Na same ta a baranda da tarin fayil a hannu, mata sun yi layi suna jiranta. Na gaishe ta, na ce ni surukar wani tsohon soja ce da ta taɓa yi wa aiki a ƙafa. Ta ɗan yi tunani, sai fuskarta ta washe.

"Baba mai raba aiki! Yana ina?"

Na gaya mata. Na kuma faɗa mata saƙon kamar yadda ya ba ni, ban canza kalma ba.

Ta ajiye fayil ɗin a kan benci ta zauna a gefensu. Ta ce, "In mutum ya rasu, faɗa ake dawowa a yi mana. Ban taɓa samun irin wannan saƙo ba." Ta share ido da bayan hannu, ta ce, "Ya sha wahala?"

Na ce, "A'a. Cikin sauƙi ya tafi."

"Alhamdulillahi."

Wata nas ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Likita, ta kusa!" Ta miƙe da sauri, ta kwashi fayil ɗinta, ta riƙe hannuna sau ɗaya ta matse, ta ruga ciki.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ka ba Inna haƙuri, Ka ba amininsa juriyar zama shi kaɗai. Hannuwan da suka taɓa jikinsa da tausayi a asibitocin nan uku, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba, Ka saka musu da alheri, Ka ba su mai kula da su ranar da su ma za su kwanta. Amin.